Jar Tawadar Inna Jumai

Nata'ala mai hoto ne a garin Rano. Shagonsa na nan bakin tasha, tsakanin mai gyaran rediyo da mai shayi. Ɗan malamai ne gaba da baya, kuma wannan ne abin da ya fi tsaya masa a rai. Mahaifinsa, Alaramma Malam Alu na Kahu a ƙasar Kibiya, ya haddace Alƙur'ani, ya kuma rubuta shi da ka. Mahaifiyarsa, Inna Jumai, ita ma 'yar alaramma ce, tun tana budurwa ta sauke. Shi kuwa gogan naka ya yi babbaƙu, ya yi farfaru, ya ɗan taɓa gaba, sai ya jingine allo ya bi kyamara. Malam bai zage shi ba, bai yi masa baki ba. Abin da ya yi ya fi zagi ciwo: har ya koma ga Allah bai taɓa taka ƙofar shagon ba, bai kuma taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Ka ji fa, mutumin da ya ɗauki rabin jama'ar Rano, ba shi da hoton ubansa ko da na fasfo.

A shekarun nan da siyasa ta dawo, aka kuma ƙaddamar da shari'a a Kano, sana'ar ta canja fuska. Mata suka rage zuwa hoton sallah, wasu masu wa'azi kuma da wuya su tashi ba su taɓo masu hoto ba. Abin da ya saura shi ne fasfo da hoton masu neman kansila, kowa ya shigo da babbar rigar aro yana cewa a cika masa kumatu. Kyamarar Nata'ala irin ta zamani ce, mai yi wa kanta komai. Ka danna, ta yi ƙyas, ka kai fim Kano a wanke maka mai kala. Ko makaho ka miƙa wa, zai ɗauka.

Wanda ba ya gajiya da faɗa masa haka shi ne Alhaji Ishiyaku, tsohon mai hoton Rano tun zamanin En'e, wanda ciwon ido ya sa ya ajiye sana'ar. Kullum bayan la'asar sai ya zo ya zauna a bencin shagon, da jar dararsa a ka, ya shiga yi masa tsiya.

"Kai ba mai hoto ba ne, ɗan nan. Mai danna maɓalli ne."

Ran nan sai ga Alhaji da tsohon akwatin ƙarfe a hammata. Ya buɗe, ya fito da wata baƙar kyamara mai nauyi kamar dutsen guga, sannan ya shiga warware wasu ƙulle-ƙulle na tsohon zani. Gilasan gaban kyamara ne, waɗanda shi Alhaji ke kira idanu. Kowanne a haɗe yake bibbiyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ana cire wannan a ɗaura wancan. Akwai gajere na kwaso fili, akwai dogo na ɗaukar fuska, akwai na tsakiya wanda ke iya matsowa kusa da abu har ka ga zaren riga.

"Na sama na kallo ne," in ji Alhaji, "na ƙasa shi ke ɗauka. Kada ka sakankance da na sama. Gani kawai yake yi, ba shi zai ba da shaida ba."

Nata'ala ya ce ya ji. Ina fa ya ji! Zumuɗi ne kawai ya cika shi.

Koyon bai zo da sauƙi ba. Wannan kyamara ba a ɗaga ta zuwa ido, a ciki ake riƙe ta, mutum ya sunkuya ya leƙa ta sama, kuma dama a cikinta hagu ce. Babu abin da take yi maka. Kai za ka murza har abu ya fito tar, kai za ka duba rana ka san yadda za ka buɗe ƙofar haske ko ka tsuke ta. Hoton farko da ya yi wa mai shayi, butar ce ta fito tas, shi mai shayin ya koma hayaƙi. Na biyu ya yanke masa kai. Alhaji ya yi dariya har darar ta faɗo. Sai Kano Nata'ala ke zuwa neman fim ɗin baƙi da fari a wurin wani tsoho a Sabon Gari, ya kuma mai da ɗan sitonsa na bayan shago ɗakin duhu, ya toshe taga da buhu da bargo. A nan Alhaji ya koya masa wanki da hannu, daga wannan faranti zuwa wancan, har fuskar mutum ta taso a kan farar takarda. Ranar da ya fara ganin haka tsigar jikinsa ta tashi. Shekara da shekaru yana cin abinci da hoto, sai ranar ya ji ya yi wani abu da hannunsa.

A ƙasan akwatin akwai wani ɗan zagayayyen gilashi ja, mai faɗin bakin kofin shayi, da ake murɗawa a kan idon ƙasa. Wannan shi ya tafi da hankalin Nata'ala. In ya ɗaura shi ya ɗauki duwatsun Rurum, sai sama ta yi duhu, gajimare ya fito fari sol, kamar ka miƙa hannu ka yago. Baƙi ya ƙara baƙi, fari ya ƙara fari. Ya gwada shi a kan wata tsohuwar jarida da ta yi rawaya don tsufa, sai ta fito fes, duk dattin ya ɓace, rubutun ya tsaya raɗau. Ya gwada shi a kan Alhaji da kansa, sai ga tsoho ya fito da farar hula.

"Lahaula! Ina darata?" in ji Alhaji. Ya kai hoton kusa da hancinsa, ya ƙyalƙyale da dariya. "Na manta ban gaya maka ba. Ja ba ya ganin ɗan'uwansa. Duk abin da yake ja, in ka ɗauke shi ta wannan gilashi, fari yake komawa."

Suka sha dariya, aka liƙa hoton a bangon shago, mai shayi ma ya zo ya yi tasa. Wato dai Nata'ala ya sani. Ba wanda zai ce ba a gaya masa ba.

Bayan Inna Jumai ta fita takaba da 'yan makonni, ta aiko masa da direban motar Kibiya cewa ya zo gobe da sassafe, ya zo da abin hotonsa. Sai da ya sa direban ya maimaita. A iya saninsa ba a taɓa neman kyamararsa a gidan nan ba.

Ga abin da ya faru. Akwai Alƙur'ani guda a gidan, na farko da Malam ya rubuta da ka, yana cikin gafakarsa ta fata a rataye a ɗakin Inna. Tun yana saurayi Malam ya yi alkawarin zai kai wa malaminsa rubutunsa na fari. Kafin ya gama, malamin ya yi gabas da niyyar aikin hajji a ƙasa, ya yada zango a Sudan, can ya rasu. Malam ya tsufa da nauyin alkawarin, da ciwon ajali ya kama shi kuwa ya bar wasiyya: duk ranar da wani daga gidan malaminsa ya zo, a damƙa masa. To ga shi an zo. Malam Zailani, jikan wancan malami, ya shigo Kano ganin dangi, ya ji rasuwar, ya ƙaraso ta'aziyya. Gobe da azahar zai juya, jibi kuma ya kama hanyar gida. Inna na so a ɗauka mata hoton littafin kafin ya tafi da shi.

Kowa a Kahu Alƙur'anin Malam yake ce masa, amma mutum biyu suka yi shi. Malam ke rubuta baƙaƙen da baƙar tawada, in shafi ya bushe ya miƙa wa Inna, ita kuma ta bi shi harafi bayan harafi tana sa wasulla da jar tawada. Lokacin tana amarya, idonta garau, hannunta ba ya rawa. Duk wani ja da ke cikin littafin nan, daga Fatiha har Nasi, nata ne.

Nata'ala ya tsaya a shago yana duban kyamarorinsa biyu. Ta zamani ba ta iya matsowa kusa da takarda, in ta matso sai dishi-dishi. Ana iya sa wa tsohuwar kyamarar fim mai kala, amma sai an kai Kano wanki, inda hoton ayoyin Allah zai bi hannun wanda ba a san ko yana da alwala ba, wanda ya lalace kuma a jefa kwandon shara. Hujja ce mai kyau, kuma da ita ya shirya zai kare kansa. Amma a ƙasan zuciyarsa wani abu ne daban: yana so gidansu su ga abin da ya iya, da hannunsa, daga ɗauka har wanki. Ya saka tsohuwar a jaka, ya ɗauki idon tsakiya da sandar ɗora kyamara mai ƙafa uku. Da ya tuna yadda takardun Malam suka yi rawaya, sai ya tuna jaridar nan, ya murɗa jan gilashi a idon ƙasa tun a shago, yana jin kansa gwani.

Ya isa Kahu hantsi bai yi zafi ba. Ya gaisa da Malam Zailani a zaure, wani dogon dattijo mai Hausa da ɗan gargadar Larabci, ya shige ciki. Inna na zaune a kan tabarma a inuwar rumfa, ta riga ta sauko da gafakar.

"Ka yi alwala?"

"Da ita na taho, Inna."

"Sake wata. Ka sha hanya."

Ya sake. Ta zare takardun a hankali, don ba a ɗinke suke ba, ta ce ba duka take so ba. Fatiha, da farkon Baƙara, da wasu 'yan wurare da ta sani. Abin da za ta riƙa dubawa dai in kewa ta taso.

"In ka ɗauka, nan take zan gani?"

"A'a, sai na koma Rano na wanke."

Inna ta ɗora tafin hannunta a kan takardar. "Ka wanke? A gidan nan in aka ce an wanke rubutu, ya tafi ke nan."

Nata'ala ya yi dariya, irin dariyar wanda ya san abin da tsohuwa ba ta sani ba. "Wannan na allo ne, Inna. Namu wankin fito da abu yake yi, ba ya gogewa."

"To, Allah ya sa."

Ya kafa sandar, ya jingina allon Malam a bango, suka riƙa ɗora shafi a kai ɗaya bayan ɗaya. Ya auna haske da ido yadda Alhaji ya koya masa, ya ƙara buɗe ƙofa saboda jan gilashi na shan haske, ya ɗan ɗaga kyamarar don kada idon ƙasa ya yanke layin sama. Komai ya tuna. Wallahi ranar bai manta da komai ba sai abu guda.

Da suka zo wani shafi a cikin Suratu Ɗaha, Inna ta riƙe shi ta daɗe ba ta ɗora ba. A gefen shafin, wajen da babu rubutu, akwai wani ɗigon ja mai girman ƙwayar wake, ya ɗan zubo ƙasa.

"Ka ga wannan? Kai ne. Ina cikin aikin nan naƙudarka ta taso, alƙalamin ya kuɓuce mini. Malam ya ce zai sake shafin, na ce a'a, a bar mini shi." Ta ɗora takardar, ta gyara mata zama. "Da jan da komai zai fito ko?"

Nata'ala na sunkuye a kan kyamara, yana leƙen idon sama. Ga baƙaƙen Malam a tsaye, ga wasullan Inna jajaye suna bin su sama da ƙasa, ga ɗigon a gefe.

"Ga shi nan ina gani, Inna. Komai zai fito."

Ya danna.

Bayan azahar aka mai da takardun cikin gafaka. Inna ta rungume ta a ƙirji ta yi addu'a, ta miƙa wa Nata'ala ya kai zaure. Ba ta yi kuka ba. Da motar da ta ɗauki Malam Zailani ta tashi, cewa kawai ta yi, "To, Malam ya sauke nauyi. Ni kuma ina da nawa a wurinka."

Aikin 'yan takara ya riƙe shi, sai da aka kwana uku ya samu shiga ɗakin duhu, da hantsi. Ya wanke fim, ya shanya, ya ɗaga shi a haske ya ga layuka reras, ransa ya yi fari. Ya zaɓi takarda mafi kyau, marar sheƙi, ya kunna 'yar jar fitilar ɗakin, ya buga Fatiha, ya tsoma a faranti. Rubutun Malam ya fara tasowa, baƙi wuluk, mai kauri, kamar yau aka ɗaga alƙalami. Takardar da ta yi rawaya ta koma fara tas. Kai, bai taɓa yin hoto mai kyan wannan ba!

Ya tsaya yana jiran saura ya taso. Bai taso ba.

Ya ce a ransa jar fitilar ce ke ruɗin ido. Ya ɗauraye hoton, ya fito da shi tsakar rana yana ɗigar ruwa. Baƙaƙe ne zalla. Babu wasali ko ɗaya, ba na sama, ba na ƙasa. Inda suke a da, sai wata 'yar alama da sai ka ƙura ido ka yi wa kanka ƙarya kafin ka ce ka gani. Ya koma da gudu ya buga shafin Ɗaha. Gefen shafin fari fat, kamar ba a taɓa haihuwar kowa ba.

Da ya ɗago kai, idonsa ya sauka a bangon shago, kan Alhaji Ishiyaku da farar hularsa yana dariya.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya zauna a ƙasa. Kunya ce ta rufe shi, irin wadda ke sa mutum ya ji zufa a tafin ƙafa. Ba kuskuren kyamara ba ne, ba na rashin sani ba ne. Ya tuna rawayar takarda, ya tuna baƙin Malam, ya yi dabarar da za ta fito da su, amma ko sau ɗaya tunaninsa bai je kan ja ba. Shi ma ashe Alƙur'anin Malam yake ce masa, har cikin zuciyarsa. Inna na zaune a gabansa, ta nuna masa da yatsa, ta tambaye shi da bakinta.

Da la'asar Alhaji ya zo. Ya kai hoton kusa da hanci, ya daɗe, yau babu tsiya.

"Da jan ka ɗauka?"

"Da shi."

"Littafin fa?"

"Ya yi gabas. Yanzu ko Maiduguri sun wuce."

Nata'ala ya matso kusa da shi. "Babu dabara, Alhaji? Ko a ƙara masa lokaci a wanki, ko a sake bugawa da duhu?"

Alhaji ya girgiza kai. "Abin da bai shiga ta ido ba, ruwa ba ya kawo shi, ɗan nan." Ya cire darar ya riƙe a hannu yana juya ta. "Da ban ba ka gilashin nan ba."

"Ba laifinka ba ne. Ka gaya mini."

Duk da haka ya gwada. Ya ƙona takarda bayan takarda, yana ƙara duhu har farin ya koma toka, wasullan ba su dawo ba. Ya je Kano neman dangin Malam Zailani, suka ce ai sai dai in wani zai tafi baɗi, kuma su ma ba su san sunan unguwar da kyau ba. Ya dawo ya zuba hotunan a ambulan ya tura ƙarƙashin teburi. Direban Kibiya ya leƙo ya ce Inna na tambaya, ya ce a ce mata aiki ya yi yawa. Ya sake leƙowa, ya ce a ce mata maganin wanki ya ƙare. Juma'a ta zo, ranar da bai taɓa fashin zuwa gaishe ta ba, ya yi sallarsa a Rano ya koma shago ya rufe ƙofa. Ƙato da shi, mai mata da 'ya'ya, yana jin ƙarar motar Kibiya sai ya shige ɗakin duhu.

Ya yi tunanin ya ce fim ɗin ya ƙone. Yakan faru, kowa ya sani, ba wanda zai zarge shi. Ya ma tsara yadda zai faɗa. Amma in ya faɗi haka, ya hana ta hannun Malam ma, wanda ya fito da kyau, don kawai ya rufa wa kansa asiri. Wannan ya fi na farkon muni, don na farkon bai yi da gangan ba.

Saƙo na uku gajere ne. Direban ya ce, "Ta ce in gaya maka, ko babu hoto ita tana da ɗa."

Washegari ya tafi. Ya same ta a wurin nan dai, inuwar rumfa, tana tsince wake a faifai. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya kasa ɗaga ido. Ya ajiye ambulan a gefen tabarma.

"Inna, na yi ɓarna."

"Bai fito ba?"

"Ya fito. Na Malam ya fito. Naki ne..." Ya nuna ambulan ɗin. "Akwai wani gilashi da na sa, don rubutun ya yi kyau. Ba ya ganin ja. Na sani, an gaya mini, na manta. Duk aikinki babu, Inna. Ni na goge shi."

Ta ture faifan. Ta tashi ta yi alwala, ta dawo ta goge hannu a mayafi, ta zaro hotunan. Ta nisanta Fatiha daga idonta, ta matso da ita, ta karkata ta wajen haske. Yana kallon yatsanta yana bin layin farko, yana tsayawa a ƙarƙashin kowane harafi, inda ya kamata a ce akwai wani abu. Da ta zage shi da ya ji sauƙi. Da ta ce ai dama Malam ya faɗa, da ya ɗauka.

"To," ta ce daga baya. "An wanke."

Ya sunkuyar da kai har goshinsa ya kusa taɓa tabarma.

Ta ci gaba da buɗawa, ɗaya bayan ɗaya. Can ya ji numfashinta ya canja. Ya saci kallo, sai ya ga hawaye na bin kumatunta, ta kuwa janye hoton gefe don kada ya ɗiga a kai.

"Haka Malam yake miƙo mini su," ta ce. Ba da shi take ba. "Haka ɗin nan. Fara tas, baƙin bai gama bushewa ba. Ya leƙo daga zaure ya ce, Jumai, ga naki." Ta share fuska da bakin mayafi. "Na manta yadda suke kafin in taɓa su."

Nata'ala bai san abin da zai yi da wannan magana ba. Ba ta wanke shi ba, ya sani. Hannun amaryar nan da ya bi littafin daga farko har ƙarshe yana can a wata ƙasa, Inna ba za ta sake ganinsa ba har ta mutu, kuma shi ya jawo.

"Shiga ɗaki," ta ce. "Bayan tukunyar turare akwai kurtu ƙarami. Ka haɗo da alƙalami."

Ya kawo. Jar tawadar ta bushe ta tsattsage a gindin kurtun. Ta ɗiga ruwa, ta dama da tsinke, ta jira, ta sake damawa har ta yi jajir. Ta gwada bakin alƙalamin a farcenta. Ta jawo shafin Ɗaha ta ɗora a kan allon Malam bisa cinyarta, ta tsoma, ta yi bisimilla, ta kai hannu kan harafin farko.

Hannun ya ƙi tsayawa. Bakin alƙalamin na ta kaɗawa a saman takardar, ya je dama ya dawo hagu. Ta riƙe wuyan hannun da ɗaya hannun, ta matso da fuska, ta ja baya. Ta daɗe a haka. Nata'ala ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Daga ƙarshe ta sauke numfashi, ta janye hannun ba ta taɓa takardar ba.

"Ba na ganin gindinsu," ta ce. "Matso nan."

Ya matso. Ta ɗora masa allon a cinya, ta sa masa alƙalamin a hannu, ta gyara masa yatsu kamar yadda ta yi masa yana ɗan shekara biyar.

"Inna, ni? Ban kai nan ba a karatu. Rabona da alƙalami..."

"Na sani. Duk Kahu an sani. Ni zan karanta, kai ka sa. Farfaru dai ka yi su, a gabana ka yi." Ta ɗago ido ta dube shi, karo na farko tun da ya shigo. "Shafi nawa ka ɗauka?"

"Goma sha biyu."

"To ka san inda za ka riƙa yin Juma'arka."

Ya dubi baƙaƙen mahaifinsa, tsirara, suna jira.

"Daga ina zan fara?"

Inna ta laluba gefen shafin da yatsa, wajen da babu rubutu, ta sauka ƙasa kaɗan, ta tsaya. Ba ta yi kuskuren wurin ba ko da faɗin tsinke.

"Fara da nan," ta ce. "Ɗiga kawai za ka yi. Wannan ba sai ka iya karatu ba."